Tafiyar Zorka Zuwa Linz a Kan Keke

A garinmu Apatin kowa ya san Zorka matar Laza mai walda ba ta shiga mota. Ba tsoro ba ne, ba kuma rantsuwa ta yi ba. Cikinta ne kawai bai yarda da duk abin da inji ke ja ba. Da zarar mota ta motsa sai ƙasa ta fara juya mata, yawu ya cika mata baki, kafin a bar gari ta amayar da na jiya da na shekaranjiya. Jirgin ƙasa haka, na ruwa ma ya fi muni, ita da aka haifa a bakin kogin Danube. An gwada ƙwayoyi, an gwada citta, wata tsohuwa ta ce ta zauna a kan jarida, ta zauna, duk a banza. Ranar bikin ɗanta Nenad a Novi Sad aka lallaɓa ta ta shiga bas. Ana ɗaura aure tana kwance a kan benci a bayan coci da jiƙaƙƙen tsumma a goshi, aka dawo da ita gida kamar kayan wanki. Tun daga ranar ta ce ita da mota sai ranar da za a kai ta makabarta, ranar ma direba ya tuƙa a hankali.

Keke ne motarta. Ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai, kowace tsohuwa tana da nata, amma na Zorka ya yi suna: baƙi, mai nauyin tsiya, da kwando a gaba. A kansa ta yi fiye da shekara talatin tana zuwa aiki a ɗakin girkin ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, tana ciyar da ƙarti wake da miyar kifi. A can ta haɗu da Laza. Ya zo ya ce mata gishiri ya yi kaɗan, ta miƙa masa ludayi ta ce ya zagayo ya nuna mata yadda ake yi. Bai zagayo ba, amma bai daina zuwa ƙorafi ba har sai da ya aure ta. Tun daga nan suke cacar baki. Maƙwabta sukan ce ranar da ba a jiyo muryar Zorka daga gidan ba, to a leƙa, wani ba shi da lafiya.

Tana da 'yar'uwa ɗaya tal, yayarta Desa, wadda ta girme ta da shekara biyar. Uwarsu ta rasu Zorka tana firamare, Desa ce ta zame mata uwa, ita ce wanka, ita ce girki, ita ce duka in an yi rashin ji. Da zamanin tafiya aiki Ostiriya ya zo, Desa ta bi sahun 'yan mata ta tafi. Ta ce shekara biyu za ta yi. Ta sami aikin wanki da guga a wani asibiti a birnin Linz, ta auri wani ɗan can mai suna Alois, ta haifi 'ya ɗaya, Birgit, shekara biyu ta zama arba'in da ɗoriya.

Kowace bazara sukan zo gida da mota cike da gahawa da cakulan da sabulu mai ƙamshi. Desa ta fito da gashi a gyare, tana ƙamshin wata ƙasa. Kwana biyun farko Zorka murna take kamar ta haɗiye ta, a na uku sai a fara. Desa ta dubi bayan gida ko tukunya ta ce, "Mu a wajenmu ba haka ake yi ba."

"Wajenku? Ina ne wajenku, Yaya? Ba a ɗakin nan aka yanke miki cibiya ba?"

Akwai kuma abin da ba a faɗa. Da ubansu ya kamu da shanyewar jiki, Zorka ce ta yi shekaru tana juya shi tana wanke shi, Desa tana aiko da kaya da gaisuwa. Sannan Desa ba ta koya wa 'yarta harshenmu ba, wai kada a kira ta 'yar baƙi a makaranta, don haka Birgit takan zo ta zauna a tsakar gida kamar kurma, tana murmushi. Duk ranar komawa Desa takan leƙo ta tagar mota ta ce, "Ki zo mana, Zorka, ko sau ɗaya." Ita kuma ta ce, "Ki aiko mini da sabon ciki." Alois ya rasu, Zorka ba ta je ba. Daga baya Desa ta daina zuwa, hirar waya ta riƙa gajarta, wani lokaci ta tambayi lafiyar mutanen da suka daɗe a ƙasa.

Zorka tana da shekara sittin da bakwai, wata rana da rana tsaka Birgit ta bugo waya. Laza ne ya ɗauka, don shi ya taɓa aiki a Jamus yana saurayi, yana da ɗan Jamusancinsa, rabi zagi rabi sunayen ƙarafa. Ya saurara, ya sosa ƙeya, ya juyo.

"Tsohuwa, wai tana tambaya wace ce Popara."

"Wace ce wa?"

"Popara. Ta ce uwarta safe da yamma sai kiran Popara take yi. Ta rasa gane ko ƙawarta ce ko 'yar'uwa, tana so a nemo ta."

Zorka ta yi dariya har sai da ta dafa teburi. Popara ba mutum ba ce. Abincin talaka ne: busasshen burodi a zuba masa tafasasshen ruwa, a sa man shanu da ɗan cuku. Shi Desa take dama mata da safe bayan rasuwar uwarsu. Ba a ba baƙo, shi ya sa Birgit ba ta taɓa ganinsa ba. Tana cikin dariyar ta lura Laza bai taya ta ba, yana dai manne da waya, fuskarsa ta canza.

Ya ajiye ya faɗa mata sauran. Ciwon mantuwa ya kama Desa, ya kwashe mata Jamusancin gaba ɗaya. Harshen da ta yi aure da shi, ta yi reno da shi, ya zube. Abin da ya rage a bakinta sai na gida. Birgit ta ɗauko ta ta dawo da ita gidanta, tana yi mata wanka tana ba ta abinci, amma ba ta jin ko kalma ɗaya daga abin da uwarta ke faɗa. Akwai mutanenmu da yawa a Linz, amma ta ce kunya take ji ta kira bare ya fassara mata uwarta.

Zorka ta yi kwanaki ba a ji muryarta ba, har maƙwabciya ta leƙo.

Gidansu yana kusa da jingar da aka yi wa kogi don tare ambaliya, ta kanta kuma hanyar keke ta bi. Kowace bazara masu yawon hutu suna wucewa, Jamusawa da 'yan Holan, da jakunkuna a rataye a kariyar keke, fuska ja wur, wasu su tsaya su roƙi ruwa. Zorka ta sha cewa waɗannan wahala ce ba ta ishe su a gida ba suka fito nema. Wata yamma wata mata mai furfura fat, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba, ta tsaya ta cika gorarta ta wuce. Zorka ta bi ta da kallo har ta ɓace.

"Tsoho, kogin nan ya bi ta Linz?"

"Ta tsakiyarsa ma."

"Hanyar keken kuma ba ta yanke ba?"

Laza ya ajiye ƙugiyar da yake ɗaurawa. "Tsohuwa, me kike ƙullawa?"

Nenad ya zo daga Novi Sad a guje. "Mama, kin san shekarunki kuwa? Ƙasa uku fa za ki ratsa!"

"Ni na haife ka, ba kai za ka ƙirga mini ba."

"To ki sha maganin barci in kai ki a mota, ki farka a can."

"Ka kai wa yayata gawa ke nan. Ita ba ta jin magana, ni ba na iya ɗaga kai, sai ku jera mu."

Da ya ga ba sauƙi sai ya sayo musu kekuna marasa nauyi masu giya, da hular kwano, ya sa ta yi alkawarin za ta riƙa ɗaukar waya. Laza ya ce shi babu inda za shi, shi mai hankali ne, ga gwiwa ga lokacin kamun tarwaɗa. Washegari aka gan shi yana shafa wa kaca mai.

"Na ɗauka ba ka zuwa," in ji Zorka.

"In na bar ki ke kaɗai wa za ki yi wa faɗa? Mutanen Hangari ba sa jin harshenki, asarar baki za ki yi."

Suka fita da sassafe a farkon watan Yuli, ta ɗora hular kwano a kan ɗankwalinta. A kan iyakar Hangari jami'in ya duba fasfo ya tambaye su ina za su. Da Laza ya ce Linz, sai ya dubi kekunan, ya dubi furfurarsu, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani.

Abin da ba su sani ba shi ne duk masu yawon nan bin ruwa suke yi, su gangaro iska tana tura su. Su biyu ne kaɗai suke haurawa, iska tana dukan ƙirjinsu. Duk wanda suka haɗu da shi gaba da gaba ne, ana ɗaga musu hannu har Laza ya ce hannunsa ya fi ƙafarsa gajiya. Sukan tuƙa tun da asuba, rana ta take su nemi inuwa su ci burodi da tumatir da cuku, la'asar su ƙara kaɗan, sannan su nemi ɗakin kwana a ƙauye. Sauro ya yi musu maraba tun daren farko. Sirdi kuwa ba a magana, Laza yana sauka sai ya riƙa tafiya kamar agwagwa, Zorka ta ce yanzu ne ya yi kama da danginsa.

Ita ba ta taɓa sanin abin da ake kira hutu ba. A kwanakin farko hankalinta yana kan tumatirinta da kajinta da ta bar wa maƙwabciya. Duk ɗakin da suka kwana sai ta share shi ta goge taga kafin su fita. A wani gida har ta shiga kicin ta wanke wa matar gidan kwanuka, matar tana tsaye tana roƙonta da harshen da ba ta ji.

"Hutu fa muka zo," in ji Laza.

"Kai ka zo hutu. Kai tun da na san ka hutu kake yi."

Amma wata rana da zafi ya kai zafi, suka tsaya a wani wuri mai farin yashi, babu kowa sai tsuntsaye. Zorka ta cire takalmi don ta jiƙa ƙafa. Ta shiga zuwa gwiwa, ta shiga zuwa ƙugu, can sai Laza ya ga ta kwanta rigingine a kan ruwa da rigarta, ɗankwali ya kwance yana bin ta. Rabonta da yin haka tun tana budurwa. Ya miƙe tsaye a bakin ruwa yana gadi har ta fito. Ranar ba ta yi zancen tumatir ba.

A Budapest ne ta faɗi. Tayar gaba ta shiga tsagin ƙarfen taragon cikin gari, keken ya kifar da ita a gaban jama'a. Gwiwa da tafin hannu suka gurje, ba karaya. Wata budurwa ta kawo ruwa da auduga, aka ɗaga ta aka zaunar a gefen hanya. Sai Zorka, wadda ta sha ƙonewa da tafasasshen mai ba ta ce uffan ba, ta fashe da kuka kamar yarinya. Laza ya tsuguna da ƙyar a gabanta.

"Ina ne ke ciwo?"

"Ba ciwo ba ne. Laza, in na sha duk wannan wahala na isa ba ta gane ni ba fa?"

Ya ɗauki hular kwanonta ya kakkaɓe. "Ai ke kin gane ta. Tashi, mutane suna kallo, za su ce ni na ture ki."

Shi kuma nasa yana ɓoye. Gwiwar da ya yi ta kuka da ita a gida don kada ya zo, da ta tashi ciwo da gaske sai ya yi shiru. Sun kusa Bratislava ta ga yana tuƙi da ƙafa ɗaya, ta sa shi ya naɗe wando. Gwiwar ta kumbura kamar kabewa. Ta yi masa faɗan da ya watsa tantabarun da ke dandalin garin. Mai kantin magani ya ce ya huta, in ba haka ba ƙafar za ta ajiye shi da kanta.

Laza ya ce su tsaya ya warke. Zorka ta ce Desa ba ta da lokacin jira. Suka yi shawara: shi zai riƙa hawa jirgin ƙasa da kekensa ya riga ta isa zangon gaba, ya nemi ɗaki, ita ta biyo kogi. "Ba za ki ɓata ba," in ji shi. "Ruwa a gefenki, iska a fuskarki. In kin ji iska a bayanki to kin juya gida."

Haka Zorka ta sami kanta ita kaɗai a hanya, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Babu wanda za ta dafa wa, babu wanda za ta amsa wa. Bakin da bai saba shiru ba sai ya sami abokiyar faɗa, ta kama Desa kamar tana gabanta. Tana tuƙi tana magana da ƙarfi. Ta faɗa mata zancen ubansu, da zanen gadon da take wankewa a tsakiyar hunturu hannunta yana tsagewa. Ta faɗa mata zancen "mu a wajenmu," da sabulun ƙamshi, kamar su wari suke yi. Masu wucewa suna waiwaye, ba ruwanta. Ta wuce Vienna tana yi, ta shiga ƙasar tuddai da gonakin inabi tana yi, har wata safiya ta buɗe baki ta ga babu saura. Abin da ya zo mata maimakon haka shi ne hannun Desa yana taje mata gashi a gaban murhu, tana ce mata ta daina motsi.

Kowace yamma in ta doso gari takan hango Laza daga nesa a kan benci a bakin hanya, ƙafa a miƙe, yana yi kamar jiragen ruwa yake kallo.

"Kin daɗe."

"Wa ya aike ka jira?"

Ranar ƙarshe ya ce ko ƙafar za ta cire ba zai shiga Linz a jirgi ba matarsa tana kan keke. Suka shiga tare a hankali, bayan mako uku da wani abu da barin gida, sun yi baƙi sun rame.

Birgit ta tarye su a ƙofa, doguwar mace mai tabarau, ita ma furfura ta fara. Ta rungume Zorka ta ƙi saki, tana cewa "Inna, Inna," kalmar da ta riƙe tun tana yarinya. Sannan ta kai su ɗaki.

Desa tana zaune a kujera kusa da taga. Ta ƙanƙance, an rage mata gashi, ya yi fari tas. Zorka ta tsaya a gabanta ta ce, "Yaya."

Desa ta ɗago, fuskarta ta washe don ta ji harshen gida, amma kallon baƙo ta yi mata. "Sannu da zuwa, baiwar Allah. Zauna mana. Ke 'yar ina ce?"

Zorka ta zauna. "'Yar Apatin."

"Kai! Garinmu ke nan. To kin san ƙanwata Zorka? Mai girki a wajen masu jirgi, mai bakin nan?"

"Na san ta."

"Ba ta taɓa zuwa ba, kin sani." Desa ta kama hannunta kamar za ta ba ta sirri. "Na gyara mata ɗaki, na ɗinka labule ruwan ɗorawa, don shi take so. Alois ya ce a zuba kaya a ciki, na hana. Ba ta zo ba." Ta ci gaba. Ta ba ta labarin ɗakin wanki a ƙarƙashin asibiti, babu taga, tururi kamar a tukunya. Ta ce shekarar farko a bayan gida take ɓuya ta yi kuka, don ba ta san yadda ake cewa ta gaji ba. Ta ce duk shekara tana tara gahawa da sabulu ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin gado, gashin ma sai ana gobe tafiya take zuwa a gyara mata, sau ɗaya a shekara. "Ba na so ta san ina shan wuya. Ita ce ƙarama, ga Baba a hannunta. In kin koma ki ce mata ban yi fushi ba. Cikinta ne, tun tana yarinya haka take, ko amalanke ba ta iya hawa."

"Zan faɗa mata," in ji Zorka.

Birgit tana tsaye a bakin ƙofa tana taɓa Laza, tana tambayarsa me uwarta ke cewa, don rabon da ta ji ta yi doguwar magana haka an daɗe. Laza ya buɗe baki, Jamusancin ya ƙi fitowa. Ya ce gwiwarsa tana ciwo, ya ɗingisa ya fita baranda.

Washegari Zorka ta nemi busasshen burodi. Babu a gidan, sai da Birgit ta karɓo a maƙwabta. Ta dafa popara Birgit tana kallo, tana mamakin wai wannan ne abin da aka yi watanni ana nema. Desa, wadda ake bi da cokali ana lallashi, ta karɓi kwano ta cinye tas, ta goge baki ta ce, "Ruwa ya yi yawa." Da Laza ya fassara, su ukun suka yi dariya har Birgit ta cire tabarau.

Suka zauna sauran bazarar. Zorka ta kwana a ɗaki ɗaya da yayarta. Ta gano cewa rigimar da Desa ke yi kowace yamma, wadda aka ɗauka ciwon ne, cewa take ƙafarta tana sanyi. Aka sa mata safar ulu, rigima ta ragu. Ta riƙa koya wa Birgit kalmomi a kicin, tana nuna abu tana faɗa: sanyi, ciwo, ruwa, ya isa, ina nan. Birgit tana maimaitawa harshenta yana karyewa, Laza yana gyara mata ba daidai ba. Wata rana Birgit ta sa Laza ya tambayar mata Zorka, me ya sa uwarta ba ta koya mata tun tana ƙarama ba.

Zorka ta daɗe tana yanka albasa. A da tana da amsa a shirye, mai zafi. "Ka ce mata uwarta ta ɗauka kariya take yi mata. Ka ce mata ni ma da zan iya koya mata duk bazarar da ta zo, ban yi ba, ina can ina fushi."

Desa ta ci gaba da kiranta baiwar Allah 'yar garinmu. Zorka ta saba, har ta daina jira. Wata safiya Laza ya yi shanyar safarsa a kan tukunyar furen Birgit, Zorka ta gani. Ta manta a gidan mutane take, ta buɗe murya irin ta ɗakin girki, ta fara daga safar ta gangara har kan kakansa. Tana tsaka da yi sai aka daka tsawa daga ɗaki.

"Zorka! Rage murya! Ba ki da kunya ne, a gidan mutane?"

Ta saki safar ta tafi da gudu. Desa tana zaune ta haɗe rai, tana kallonta ido cikin ido.

"Yaushe kika zo?"

"Na ɗan kwana biyu, Yaya."

"A me? Ke da ba kya shiga mota."

"A keke."

"A keke! Daga gida?" Desa ta dube ta sama da ƙasa. "Dama ba ki da hankali. Dubi yadda kika yi baƙi. Zo nan." Zorka ta durƙusa, ta ɗora kai a cinyarta. Desa ta zame mata ɗankwali tana shafa furfurar. "Kin tsufa, 'yar nan. Wa ya ce ki tsufa?" Ta tambayi lafiyar Laza, ta tambayi ta Nenad, ta kira Birgit da sunanta ta ce a kawo wa innarta gahawa, Birgit kuma ta gane ta tafi ta kawo. Kafin gahawar ta huce abin ya wuce, Desa ta sake tambayar baƙuwa daga ina take. Hankalin nata ya ƙara dawowa sau biyu ko uku kafin su tafi, ba ya daɗewa.

Da safiya ta fara sanyi suka yi haramar gida, gwiwar Laza ta sace. Ranar sallama Desa ba ta gane ta ba. Amma da ta ji baƙuwar tafiya za ta yi mai nisa, sai ta laluba aljihu ta ciro alewa guda biyu da ta ɓoye, ta danƙa mata ta ce ta sha a hanya. Komawar ta fi sauƙi, suna bin ruwa. Sun tarar tumatir ya ƙare, maƙwabciya ta dafa shi ta cika musu kwalabe.

Desa ta ƙara shekara ɗaya da rabi. Kowace Lahadi Birgit takan bugo waya ta kanga wa uwarta a kunne, Zorka ta ba ta labarin gari, wa ya mutu, wa ya yi aure, nawa kifi ya kai. Desa ta rasu a tsakiyar hunturu, ƙanƙara ta rufe hanya, aka binne ta kusa da mijinta. Zorka ba ta je ba. Ta kunna kyandir a coci, ta dafa alkama da sukari ta raba wa maƙwabta kamar yadda ake yi wa mamaci.

Da hanya ta buɗe Birgit ta zo da kanta a mota, ta yi mako guda, tana gaisawa da mutanen layi da karyayyen harshenta suna ta murna. Ta kawo wa Zorka babbar rigar sanyin uwarta, koriya, mai manyan maɓallai. Desa ta fi ta tsawo, rigar har ƙasa take ja mata, hannun ya rufe yatsu. Laza ya ce a kai wa tela ya rage. Zorka ta ce ba ta tambaye shi ba. Takan naɗe hannun sau biyu, ta tattare gindin, ta tafi kasuwa a haka.